Ɗinkin Gyartai: Tsohon Fim da Amanar Tunawa

A kusan kowace kasuwa ta yankinmu, daga Ƙanƙara zuwa Sheme, daga Faskari zuwa Sabuwa, akwai rumfar mai tura fim. Saurayi ne da kwamfuta da tarin igiyoyin caji, ka miƙa masa memori da 'yan canji, ya cika maka shi da abin kallo. Yawanci Indiya-Hausa ake nema, da fina-finan Kano masu dogon zango. Amma in ka ce ya buɗe maka wajen fina-finan tarihi da na yaƙi, akan ci karo da wasu tsofaffi da suka girmi iyayenmu da dama: Ben-Hur na 1959, Spartacus na 1960, Lawrence of Arabia na 1962, ga kuma na Umar Mukhtar wanda da wuya a sami gidan da bai san shi ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, waɗannan tsofaffin sukan fito tas a fuskar waya, har su fi fim ɗin da aka ɗauka bara. Kana iya ganin gumin doki da ƙurar hamada da zaren rawani. Dattawanmu da suka taɓa kallon irinsu a silima a Kano ko Kaduna, ko a kaset a gidan kallo, sun san ba haka suka gan su ba. Su abin da suka gani hoto ne ja-ja, layuka na zubowa kamar yayyafi, murya na shaƙewa, wani lokaci zaren ya tsinke a kunna fitila jama'a su kaure da ihu. To wanne ne fim ɗin na gaskiya, na dattijo ko na jikansa? Kuma wanda ya zauna ya mai da tsohon abu sabo, amana ya riƙe ko jabu ya haɗa mana? Tambayar kamar ta masu zaman hira ce, amma in muka bi ta a hankali za ta kawo mu har ƙofar gidajenmu.

Yadda fim yake mutuwa

Kafin zamanin kwamfuta, fim abu ne da ake riƙewa a hannu. Dogon zare ne mai kama da leda, an shafe shi da sinadari mai kama haske, hotuna 24 na wucewa a kowace daƙiƙa. Zaren da ya fito daga cikin kyamara shi ne uwar fim, daga jikinsa ake buga duk kwafin da ake rarraba wa gidajen silima. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin zaren da wani sinadari mai saurin kamawa da wuta, wanda in ya kama ko a ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa. Wanda ya maye gurbinsa bai cika cin wuta ba, sai dai shi ma yana da tasa cutar: in zafi da laima suka dame shi yakan fara wari mai tsami irin na ruwan kal, ya tsuke, ya lanƙwashe, har ya manne da kansa. Launi kuma yakan koɗe, shuɗi da rawaya su gudu su bar ja. Jan da dattawanmu suka gani ke nan.

A 1937 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ta Amurka, ta cinye mafi yawan fina-finansa na zamanin da fim bai fara magana ba. Cleopatra na 1917, wanda ya yi tashe ƙwarai a lokacinsa, yau 'yan gutsattsari kawai suka rage daga cikinsa. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa murya sun ɓace baki ɗaya. Wannan fa a ƙasar da ke da kuɗi da lantarki da ɗakunan sanyi. Kamfanonin ba su ɗauki fim a bakin komai ba face haja: in ya gama kawo kuɗi, sauransa tarkace ne mai cin wuri.

Gyara ko jabu?

Lawrence of Arabia ya fito a Disambar 1962 da tsawon minti 222. Ba a jima ba aka datse kusan minti 20 don ya dace da lokutan gidajen silima, bayan wasu shekaru aka ƙara datsewa. A ƙarshen shekarun 1980 wani mai gyaran fim, Robert Harris, ya shiga bin gwangwanaye yana tattara abin da aka yar. Daraktan fim ɗin, David Lean, yana raye, ya zo ya zauna tare da shi. Sun samo hotunan wuraren da aka cire, amma muryoyin wasu daga ciki sun ɓace. Sai aka kira Peter O'Toole, jarumin fim ɗin, ya sake faɗin kalmomin da ya faɗa yana saurayi, bayan fiye da shekara 25. Jack Hawkins kuwa ya rasu tun 1973, don haka wani ɗan wasa, Charles Gray, ya ara masa murya. A 1989 fim ɗin ya dawo da tsawon minti 216, wato hotuna sama da dubu 300 a jere.

Haka aka yi da Spartacus, labarin bayin da suka yi wa daular Rum tawaye. Da aka zo gyara shi a 1991, an sami wani yanki da masu tace fina-finai suka sa aka cire tun farko, hoto na nan, murya babu. Tony Curtis ya sake faɗin nasa. Laurence Olivier kuwa ya rasu a 1989, sai Anthony Hopkins, wanda ya iya kwaikwayon muryarsa, ya yi magana a madadinsa. Duk wanda ya kalli wannan wuri a yau, fuskar mamaci yake gani da muryar wani.

Mai tsananin ra'ayi zai ce wannan ha'inci ne. Mu kuwa da muka tashi a gidajen ƙasa muna da abin da za mu auna da shi. Kowace shekara kafin damina ana yaɓe, ana toshe tsaga, ana gyara indararo. Bayan shekara hamsin da wuya a ce ga ƙasar da kaka ya taɓa da hannunsa a fuskar bangon, amma ba wanda zai ce ba gidan kaka ba ne. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina ba ta kai yau da ƙarfin ƙasarta kaɗai ba, hannaye ne suka yi ta komawa kanta. Abin da ba a taɓawa shi ne yake zama kufai. Saboda haka taɓa tsohon abu ba laifi ba ne a kan kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne niyyar mai taɓawa, da kuma ko ya faɗi abin da ya yi. Mu tuna gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. In ƙwaryar uwar gida ta fashe, yakan huda gefe da gefe ya ɗinke, ƙwarya ta koma riƙe fura. Ɗinkin yana nan a fili, kowa na gani, kuma ba wanda ya taɓa kiran gyartai maƙaryaci. Da zai shafe ɗinkin ya kai kasuwa ya ce sabuwa ce, a ranar ya zama macuci. Malamanmu masu kwafar littattafai da hannu su ma haka suke: in mai karatu ya ga kuskure yakan rubuta gyaran a gefen shafi, ya bar asalin yadda yake, don na baya ya ga duka biyun ya yi hukunci. Masu gyaran Lawrence da Spartacus sun bi wannan hanya. Sun nemi abin da masu fim ɗin suka nufa, sun tambayi waɗanda ke raye, kuma ba su ɓoye wa duniya muryar da aka ara ba. Shi ya sa mu ma a nan muka san labarin.

Akwai kuma gyaran gangar Auzinawa. A shekarun 1980 attajirin nan mai gidajen talabijin, Ted Turner, ya sa aka riƙa shafa wa tsofaffin fina-finai masu baƙi da fari launi da kwamfuta, don su fi shiga kasuwa. Daraktoci da 'yan wasa suka yi ca, suka ce ana sa wa matattu rigar da ba su zaɓa ba. Hayaniyar na cikin abin da ya sa Majalisar Amurka ta yi dokar adana fina-finai a 1988. Kada mu ɗauka wannan rigimar Turawa ce kawai, domin irinta tana cikin aljihunmu. Da yawanmu mun ɗauki tsohon hoton kaka, wanda ya koɗe ya yi tabo, mun saka shi a manhajar gyaran hoto. Cikin daƙiƙa kaɗan ya fito sumul, fata ta yi haske, tsagar fuska ta ɓace, hanci ya miƙe. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai manhajar ba ta san kaka ba, cike gurbin ta yi da fuskokin wasu mutane da ta koya. In muka goge na asali muka bar wannan, jikokinmu za su tashi suna yi wa baƙuwar fuska addu'a da sunan kakansu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hoto ya fito, gaskiya fa?

Ko da gyara ya zama na amana, akwai wata matsalar. Mai gyara yana dawo da fim yadda yake, har da son zuciyar waɗanda suka yi shi. Lawrence of Arabia labarin boren Larabawa ne a kan daular Usmaniyya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma wanda aka ɗora a tsakiyar labarin Baturen Ingila ne. Yarima Faisal, Bature Alec Guinness ne ya fito a matsayinsa. Auda Abu Tayi kuma Anthony Quinn ne, haifaffen Meziko. A fim ɗin Khartoum na 1966, Laurence Olivier aka shafa wa baƙin kwalli a fuska ya fito a matsayin Mahadin Sudan, Charlton Heston kuma ya zama Janar Gordon, gwarzon labarin. Mu da muke da dangi a Sudan tun hijirar da ta biyo bayan zuwan Turawa, mun san labarin yana da wata fuskar. Idan aka wanke irin waɗannan fina-finai suka fito tas, ƙaryar cikinsu ma fitowa take tas, har ta fi shiga rai, domin ido yana saurin gaskata abin da ya gani sarai.

To a bar su su ruɓe? Muna ganin a'a. Fim ɗin da ya karkata shi ma shaida ne, shaida a kan yadda masu ƙarfi suka kalli raunana a wani zamani. In aka ƙone shi ko aka yanke wuraren da ke da kunya, an wanke mai laifi ne, an hana na baya hujja. Abin da ya kamace mu shi ne mu kalla da ido biyu, mu yaba gwanintar, mu kuma tambayi wa ke ba da labarin, wa aka hana magana.

Amsa mafi ƙarfi ita ce wadda Mustapha Akkad ya bayar. Mutumin Halab ne ta ƙasar Siriya, ya koyi sana'ar a Amurka, sannan ya ɗauki kayan aikin Hollywood ya ba da labarin nasa mutanen. A 1976 ya fitar da The Message, tarihin farkon Musulunci, ba tare da nuna Manzon Allah (SAW) ba. Bayansa ya yi Lion of the Desert, labarin Umar Mukhtar, malamin allo da ya yaƙi mamayar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Anthony Quinn ɗin nan dai shi ya fito a matsayin Umar Mukhtar. Italiya ta hana nuna fim ɗin, sai a 2009 aka nuna shi a talabijin a can. Akkad ya rasu sakamakon harin bam da aka kai wa otal-otal a birnin Amman a 2005. Ɗansa Malek ya ɗauki nauyin gyara The Message, aka sake nuna shi a 2018, har da gidajen silima na Saudiyya inda a da ba a yarda da shi ba. Uba ya ba da labari, ɗa ya hana labarin ruɓewa. Da ɗayansu ya yi sakaci, da aikin ya tashi a banza.

Namu da ya ɓace

Mu ma muna da namu babban fim na tarihi, kuma saura ƙiris mu rasa shi. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya rubuta littafin Shaihu Umar don gasar rubutun Hausa ta 1933. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Shekaru kusan 40 ana jin sunansa a bakin malaman jami'a, ba mai iya cewa ga shi. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne, abin kunya ne kuma: fim ɗin Hausa, daga littafin Firayim Ministanmu na farko, sai da ya je Turai kafin ya sake buɗe ido.

Ga wanda bai karanta littafin ba, labarin yaro ne da aka sace a zamanin farautar bayi, ya bi hannu-hannu har aka tsallaka Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka bautar. Sun sake haɗuwa a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta.

Wa zai karanta wannan a Ƙanƙara bai ajiye littafin ya yi shiru ba? A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin suka kora ɗalibai cikin daji. Iyaye mata suka cika harabar makarantar suna jira. A ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Wannan duniya ta ji. Waɗanda duniya ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka ɗauke a gona a ƙasar Faskari, matar da aka tafi da ita da goyo a wani ƙauyen Sabuwa, gidan da ya sayar da shanun huɗa da amfanin shekara don biyan fansa. Tafawa Ɓalewa ya rubuta abin da kakanni suka gani, bai yi masa kwalliya ba. Bai ce Turawa ne suka kawo satar mutane ba, ya nuna sarakuna da fatake na gida suna cikin cinikin. Wannan gaskiyar ce ta sa littafin yake da amfani gare mu yau. Da ya rubuta mana zamanin da babu aibi, da ba mu da madubin da za mu ga cewa cutar tsohuwa ce, tana da hanyoyin da take bi, kuma an taɓa ganin ƙarshenta.

Mun san abin da mai karatu zai iya cewa, kuma yana da gaskiya. Mutumin da ya kwana a daji saboda tsoro, ko ya kwashe iyali ya koma Funtuwa yana raɓe a kangon wani, ina ruwansa da zaren fim? Rai ne gaba. In aka ce mu zaɓa tsakanin ceton yaro ɗaya da ceton duk fina-finan duniya, ba mai hankalin da zai tsaya tunani. Amma a zahiri ba wannan zaɓin ke gabanmu ba. Ba kuɗin magani ko na tsaro ne ake karkatarwa zuwa adana tarihi ba, sakaci ne kawai ke cin duka biyun. Kuma mu duba abin da wuta ke ci in an ƙone ƙauye. Ban da rumbu da ɗaki, tana cin kundin malam da ya gada daga kakansa, da takardar gona, da hoton aure, da kaset ɗin da aka naɗi muryar mahaifi. In mutanen suka watse, dattijon da ya san iyakar kowace gona da asalin kowace zuri'a yakan rasu a garin da ba a san darajarsa ba, ba wanda ya tambaye shi komai. Ranar da za a koma, da me za a sake gina garin? Bulo da kwano ana saye. Sanin wane ne wane, da me ya faru, ba a sayar da shi a ko'ina.

Ɗinkin da ya fi wuya

A nan tambayar farko ta dawo da nauyinta. Ƙasarmu ƙwarya ce da ta fashe, kuma ana ta ƙoƙarin ɗinke ta. An sha zaman sulhu a yankin nan, har da wanda gwamnatin jiha ta jagoranta a 2019, wasu suka ɗan riƙe, wasu suka warware. Ba mu da ikon yanke hukunci a kan wanda ya zauna da wanda ya kashe masa ɗa don sauran 'ya'yansa su sami zuwa gona. Wanda bai kwana a wurin ba, ya yi hattara da bakinsa. Amma muna iya tambayar wane irin gyara muke so: na gyartai, ko na manhajar da ke share tsagar fuska?

Akwai sulhun da ke cewa a yi shiru, kada a ƙara ambaton abin da ya wuce, a yi kamar ba a yi ba. Irin wannan fenti ne a kan tsaga, damina ɗaya ke tona shi. Marayan da aka ce kada ya tambayi yadda ubansa ya mutu ba mantawa zai yi ba, zai haɗiye ne, kuma ba mu san ranar da zai amayar ba. Akwai kuma sulhun da ke barin ɗinki a fili: a san sunayen waɗanda aka rasa, da ranar, da wurin. A rubuta na manomi Bahaushe da aka harbe a gonarsa, a rubuta na makiyayi Bafulatani da aka kashe a hanyar kasuwa ba da laifin komai ba sai don kamanninsa, a rubuta rugar da aka ƙone kamar yadda za a rubuta ƙauyen da aka ƙone. In muka adana rabin labari muka yar da rabi, mun yi abin da muke zargin Hollywood da shi, mun ɗora kanmu a tsakiya mun hana wani magana. Addininmu ya kwaɗaitar da yafiya, ya kuma hana ɓoye shaida. Mutum yana yafe abin da ya sani ne. Wanda aka ɓoye masa, ba a ba shi damar yafewa ba.

Abin da ke hannunmu

A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. A lokacin muka gane cewa abin da ke intanet ba namu ba ne. Namu shi ne abin da ke cikin memori, da abin da ke cikin kai. Shi ma memorin ba abin dogaro ba ne: yana lalacewa ba sallama, waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana ƙwace ta a hanya. Zaren Shaihu Umar ya jure shekara 40 a cikin gwangwani. Da wuya a sami wayar da za ta yi goma. Fina-finan Hausa na bidiyo, da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset aka yi su, kuma kaset fumfuna da zafi na cin sa kamar yadda gara ke cin takarda.

Ba sai mun jira Balin ba. Wayar da muke karanta wannan rubutu da ita ta ishe mu fara aiki. Mu zauna da tsohuwar gidanmu mu naɗi muryarta, ta faɗi garin da aka fito, da sunayen kakanni, da yadda aka yi yunwa da yadda aka fita daga cikinta. Mu fara da faɗin ranar da wurin da sunan mai magana, domin muryar da ba a san mai ita ba rabin shaida ce. Mu ɗauki hoton kundi da takardun gona shafi-shafi. Mu ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a hannunmu, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. In mun gyara tsohon hoto don sha'awa, mu bar na asali kusa da shi, da tabonsa da koɗewarsa. In tsohuwa ta faɗi abin da bai yi mana daɗi ba game da danginmu, kada mu yanke. Wanda kuma abin ya shafa bai shirya magana ba, kada mu matsa masa, kada mu watsa sirrinsa a dandalin sada zumunta. Adanawa daban take da tallatawa, kuma a inda muke, magana na iya jawo wa mai ita hatsari.

Saura tambayar dattijo da jikansa, wanne ne fim ɗin gaskiya. Na jikan ya fi kusa da abin da masu fim ɗin suka ɗauka. Na dattijon kuwa shi ne abin da ya faru da shi a wani dare a Kano, da kuɗin shiga da ya tara, da abokan da ya zauna da su waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na farkon yana da kamfani da ɗakin sanyi da ƙwararru masu kula da shi. Na biyun ba shi da kowa sai mu. Idan mun karɓo memori daga rumfar mai tura fim, mu rage wuri a ciki, mu je mu gaishe da dattijon, mu ce: Baba, ba mu labarin yadda kuka gan shi.